Yadda Muka Kai Zuciyar Takwarana Masar

Tun da na dawo daga Masar ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi sai wani ya matso: "Malam Haruna, wai ka ga gawar Fir'auna?" Wani ya ce in yi masa Larabci ya ji. To ban ga Fir'auna ba, Larabcina kuma har yau bai wuce na sallah ba. Na gaji da maimaita labari, sannan na lura duk sanda na ba da shi da baki ina tsallake wuraren da ba su yi mini daɗi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ɗan karatun firamaren da na yi, har da wuraren da nake tsallakewa.

Ga yadda abin ya faro. Ɗana Nasiru yana auren Hajara, 'yar Alhaji Jauro, Bafulatanin da rugarsa ke gefen hanya kafin a shigo Doguwa. Ɗansu na fari ya rasu yana ƙarami, da haki da kumburi. Na biyu aka sa masa sunana, mahaifiyarsa tana kiransa Abba saboda kunya, ni kuma ina kiransa Takwara, ɓarawon mata, don ya ƙwace mini tsohuwata tun yana zanin goyo. Da ya haura shekara sai shi ma ya fara haki, yana gumi in yana shan nono. Matata, Goggo Asabe, ta sa aka tatsi nonon Hajara a ludayi aka jefa tururuwa, yadda iyayenmu ke yi. In tururuwa ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, nonon ba shi da kyau. Tururuwa ta mutu.

Ni ne na yanke hukunci. Na ce a yaye yaro a kawo shi ɗakin kakarsa. Na kuma faɗa a majalisa, a gaban mutane, cewa nonon 'yar Fulanin nan ne ke cinye mana jikoki. Takwara ya ƙi kunu, ya ƙi komai, ya wuni ya kwana da yunwa, da gari ya waye ya sandare. A Kano aka ceto shi da ƙarin ruwa, aka mayar da shi ga nonon uwarsa. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura ta yi rauni, kuma gwajin da zai nuna dalili sai an fita waje. Ƙanena da ke fataucin masara ya tsaya mana, Alhaji Jauro ya sayar da bijimai. Amma ya aiko da saƙo cewa zai raka 'yarsa da ƙafarsa, kuma in an dawo, ko da yaro ko babu, a mararrabar rugarsa za ta sauka. Ba za ta ƙara kwana a gidan da aka kira ta mai kashe 'ya'ya ba.

Nasiru ne ya kamata ya je, sai takardunsa suka samu matsala, nawa fasfon kuwa yana nan tun shirin aikin Hajjin da bai yiwu ba. Na nuna kamar dole ce ta sa ni. Allah ya sani, ina son shiga jirgi.

Muka kama hanya da safe. Ni a gaba, Alhaji Jauro da Hajara da yaro a baya. Tun kafin mu shiga dajin Falgore na gane irin zaman da za a yi, don Alhaji ya daina yi mini magana kai tsaye.

"Direba," in ji shi, "gaya wa Kaɗon nan ya ɗaga gilashi, iska tana dukan yaro."

Direba ya dube ni. "Baba, ka ji."

Na ce, "Gaya masa na ji."

Haka muka wuce Tudun Wada, direba ya zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da gwiwar ɗaya ke taɓa bayan ɗaya. A Kwanar Dangora muka tsaya, na sayo dafaffen ƙwai da ayaba na miƙa baya. Hajara ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, Baba," ba ta ɗago kai ba. Alhaji ya ce direba ya tambaye ni ko an gwada ƙwan da tururuwa. Direba ya yi kamar yana gyara madubi.

A filin jirgin Kano aka fara raba mu da kayanmu. Alhaji ya zo da sandarsa ta kiwo da goran man shanu. Ma'aikaci ya ce sanda sai dai ta bi kaya ta ƙasan jirgi, man shanu kuwa ba zai shiga ba sam. Alhaji ya ce sandar nan ta girmi ma'aikacin. Ma'aikaci ya ce to ta yi haƙuri ta zauna da sa'o'inta a ƙasa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Da jirgi ya ɗaga kuwa dariya ta koma wajen Alhaji, don na rintse ido na kama salati da ƙarfi har na gabana ya waiwayo. Shi da ya taɓa zuwa Makka sai ya harɗe ƙafa ya kira ma'aikaciyar jirgi, wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, ya ce, "Yarinya, gaya wa Kaɗon nan ya saki hannuna."

A Alkahira nawa alhakin ya kama ni. Bayan an buga mana hatimi, wani jami'i ya buɗe jakata ya ci karo da ƙullin daddawa. Ya kwance, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, suka yi ta yi mini tambaya da Larabci ina amsawa da "Na'am" da "Alhamdu lillahi". Ban san me na amsa ba. Allah ya kawo Malam Sabo, tafintan da aka haɗa mu da shi, wani dattijo mutumin Kiru da ya je karatu can tun yana saurayi ya zauna. Shi ya yi musu bayani cewa abin miya ne. Jami'in ya ce a tambaye ni ko mutanen da suka ci miyar suna nan da rai.

Masaukinmu yana can saman wani dogon bene, ana hawa da akwatin ƙarfe mai ja da kansa. Alhaji ya ce shi ba kaza ba ne da za a sa shi a akurki, ya riƙa bin matakala yana isowa yana haki fiye da jikansa. Garin nan ba ya shiru. Kowane direba hannunsa na kan oda, kuma ba a jiran mota ta tsaya kafin a tsallaka titi, shiga ake yi a tsakaninsu da tawakkali. Ni sai na laɓe a bayan wata tsohuwa duk inda ta sa ƙafa in sa.

Wani abu da ya burge ni, matan benen ba sa aiken yara. Kwando suke ɗaurawa da igiya su zuro ta taga, mai kanti ya zuba gurasa su janye. Na ce da matan Doguwa sun ga wannan da yaranmu sun huta. Na gwada da kaina, igiya ta kuɓuce mini, kwando ya sauka a kan wani mai gyaran takalmi. Abin da ya faɗa Malam Sabo ya ƙi fassarawa.

Abincin safensu wake ne da aka dafa har ya narke, a zuba mai a dangwala da gurasa. Suna da wani kuma da ake haɗa shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar mai gida ya ce a kwashe ragowar tukwane. Rannan aka kawo mana wata koriyar miya da alfahari, aka ce ta sarakuna ce. Na ɗanɗana, ashe lalo ne, lalon da ke fitowa a bayan gidana ba wanda ya shuka shi. Alhaji kuma ya sha nono a wani shago ya yaba, ya ce a tambayi irin saniyar. Aka nuna masa hoto a jikin bango, baƙar dabba mai kwantattun ƙahoni. Ya ajiye kofi a hankali.

"Malam Sabo, ɓauna suke tatsa?"

"Ita ce saniyarsu, Alhaji."

"La'ilaha illallahu. Mutanen da suka kama ɓauna suka tatsa, ai ciwon yaron nan ba zai gagare su ba."

Likitar da ta karɓe mu mace ce, mai furfura, ba ta da tsawo. Ta sa na'ura a ƙirjin Takwara, sai ga zuciyarsa a allo tana motsi a gajiye kamar tsohon da ke daka. Aka ɗebi jini da fitsari. Sannan ta zaunar da mu ta yi bayani, Malam Sabo yana juyawa, ni kuma ga abin da kaina ya ɗauka.

Ta ce naman zuciya an gina shi da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani, kamar saƙar zuma. A cikin kowane ɗaki akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira maitokondiriya. Na ce a maimaita. Aka maimaita. Na ce sunan ya yi kama da na kamfanin taki. Malam Sabo ya ce in ɗauke su a matsayin murhu, don a nan ake ƙona abinci ya zama ƙarfin da zuciya ke bugawa da shi. Ta ce lokacin da jariri ke ciki, murhunan zuciyarsa kaɗan ne kuma ƙanana, sukari kawai zuciyar ke ci, kamar wutar kara, ta kama da wuri ta mutu da wuri. Da an haife shi ya shaƙi iska, sai murhunan su fara yawa suna girma, su jeru a tsakanin zaren naman har su cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗakin. Daga nan zuciya ta koma cin kitse, irin maiƙon da ke cikin nono, wanda wutarsa ke daɗewa kamar ta itacen ƙirya. Da wannan canjin ne naman zuciya ke ƙosawa ya yi ƙwari. In canjin ya samu tangarɗa, zuciya tana aiki da yunwa, sai ta saki ta kumbura. Abin da take zargi ke nan, amma sai gwaji ya fito za ta san inda tangarɗar take.

Alhaji ya tambaya daga ina mutum ke samun murhunan nan. Ta ce asalinsu daga uwa ake gadonsu, uba ba ya bayarwa. Ta ci gaba da magana, amma ni a nan kunnena ya tsaya. Ban ji sauran ba, don ban so in ji ba.

Muna fita na nemi waya na kira Doguwa. Na ce wa Goggo Asabe, "To, likitar Masar ma ta faɗa, daga uwa ne. Tururuwarki ba ta yi ƙarya ba." Na ce ta gaya wa Nasiru, na kuma san kafin la'asar duk unguwa ta ji. Da na juyo sai ga Hajara a bayana da yaro a kafaɗa, ta fito neman ruwa. Ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba in ta wuce ni, ta wuce. Daga ranar Alhaji ya daina aiko mini da magana ko ta bakin wani. Sai na gane ashe zagin ta hannun direba ma wata alfarma ce.

Da sakamako ya fito likita ta kira mu tana murmushi. Ta ce murhunan Takwara lafiyarsu ƙalau, uwarsa ta ba shi masu kyau. Matsalar ita ce kitse ba ya iya shiga murhu da kansa, sai wani sinadari ya ɗauke shi ya shigar, kamar ɗan dako. Sunansa kanitin. Jikin yaron ba ya riƙe wannan ɗan dakon, yana zubar da shi a fitsari. Ga itace jibge a ƙofa, ga murhu, babu mai shigarwa. Ta ce akwai magani, na ruwa ne, zai riƙa sha kullum har tsawon rayuwarsa, kuma zuciya irin wannan takan warware ta koma daidai.

Hajara ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa, da yake bakina ba ya koyon darasi, na ce Malam Sabo ya tambaya ko shi ma wannan daga uwa ne.

Likita ta ɗaga yatsu biyu. Ta ce wannan ciwon ba ya kama yaro sai ya gaji rabi daga uwa, rabi daga uba. Kowannensu yana ɗauke da nasa rabin bai sani ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Rabin Nasiru kuwa, ko daga wurina ya zo ko daga wurin mahaifiyarsa.

Alhaji ya gyara zama. Ya ce, "Malam Sabo, ban ji da kyau ba. Ta sake faɗa."

Aka sake faɗa.

"Kunnen nan nawa sai a hankali. Daga wurin wa ta ce?"

Na ɗauka an gama da ni, ashe da saura. Likita ta duba bayanin da aka aiko daga Kano, fuskarta ta canza. Ta ce yaro mai wannan ciwon babban abokin gabansa yunwa ce, don in cikinsa ya zama wayam jiki kitse yake nema ya ƙona, shi kuma ba ya iyawa. Ta ce nonon uwarsa, da yake yana sha a kai a kai kuma akwai ɗan kanitin a ciki, shi ya riƙe shi har ya kawo yanzu. Sannan ta tambaya, wa ya cire shi daga nono ya bar shi da yunwa har ya sandare?

Alhaji yana kallon silin. Ina jin bugun tawa zuciyar, da murhunanta duka. Sai Hajara ta ce a hankali, "A ce mata mu ne. Ba mu sani ba."

Mu ne. Yarinyar da na tsaya a majalisa na ɓata wa suna, ita ce ta shimfiɗa mayafinta ta rufe ni a gaban baƙuwa. Ina so in rubuta cewa nan take na miƙe na ce ni ne. Ban miƙe ba. Na bar Malam Sabo ya fassara, muka fito.

Muka ƙara wasu makonni ana ba Takwara magani ana dubawa. Haki ya ragu, gumi ya tafi, ya fara cin wakensu da hannu biyu. Rannan ya kama gemuna ya ja da ƙarfin da sai da na yi ƙara. Maganin yana sa jikinsa ɗan ƙarnin kifi, Alhaji ya shinshina shi ya ce wa Malam Sabo, "Bafulatani dai ba ya warin kifi. Wannan rabin nasu ne." Na ji daɗin zagin nan kamar an ba ni kyauta.

Kafin mu taso na koma wurin likita ni da Malam Sabo, na ce a gaya mata ni ne na sa aka yaye yaron, kuma saboda tururuwa. Sai da aka yi mata bayanin tururuwar sau biyu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, ai ba ita ya kamata in gaya wa ba. Na kira gida na warware maganata, amma Goggo Asabe ta ce labarin farko ya riga ya zaga gari, na biyun kuwa ba mai ɗaukarsa da zafi haka. Ranar haɗa kaya ina kallo Hajara ta jera kwalaben maganin nan duka a cikin jakar mahaifinta. Ban tambaya ba. Na san inda jakar za ta sauka.

Daga Kano muka ɗauki shatar mota. Muka wuce Kwanar Dangora ban ko ji yunwa ba. Muka wuce Tudun Wada, muka ratsa daji, ina ta shirya magana a raina tana rushewa. Da muka iso mararrabar rugar Alhaji, ga 'yan'uwan Hajara da babura suna jira, ga masu sayar da nono a gindin bishiya, ga kuma Nasiru tsaye can gefe shi kaɗai kamar wanda aka hana shiga gidan biki. Mota ta tsaya. Alhaji ya sauka da sandarsa, aka sauke jakarsa.

Na fito na zagaya ƙofar da Hajara take. Na cire takalmi. Na durƙusa a kan tsakuwa, ni da furfurata, a gaban matar ɗana, abin da ban taɓa jin wani suruki ya yi ba a ƙasarmu. Na ɗaga murya yadda masu nono za su ji, don na san su ne rediyon yankin. Na ce, "Hajara, ni na ce nononki ne ke kashe yara. Ƙarya na yi. Nononki ne ya riƙe wannan, ni ne na kusa kashe shi da yunwa. Kin rufa mini asiri a Masar, ni ban rufa miki ba a garinmu. Ki yafe mini. In kin sauka a nan ma ba ki yi laifi ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. "Baba, don Allah ka tashi, mutane suna kallo."

"Su nake so su kalla."

Can ta ce, "To riƙe mini Abba in sauka."

Na karɓi yaro. Ta sauka ta nufi wajen mahaifinta, ta tsuguna a gabansa suka yi magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Sannan ta zuge jakarsa, ta kwaso kwalaben maganin nan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a zaninta, ta dawo ta shiga mota ta zauna. Ta ce, "Direba, mu je, lokacin abincinsa ya kusa."

Nasiru ya rasa abin yi, sai ya kama gaida direba.

Alhaji ya sayi nono a ƙoƙo wajen matan nan, na shanun rugarsa, ya tako har inda nake. Ya sunkuya ya tsinci tururuwa a ƙasa ya jefa a ciki. Muka zuba mata ido ni da shi. Ta yi 'yan wutsil-wutsil ta mutu.

Ya dube ni, ni da kaina, ba direba ba, ba tafinta ba. Ya ce, "Haruna, ka ga wannan saniyar ma sai a yaye ɗanta."

Ya tsame tururuwar da yatsa ya miƙo mini ƙoƙon. Na kafa kai na shanye.

Ranar Juma'a na maimaita maganata a majalisar da na fara yin ɓarnar. Goggo Asabe ta ce rabin ciwon nan ba daga wajenta ba ne, duk danginta masu ƙarfin zuciya ne, ni ma ban musa ba, na karɓe shi. Yanzu aikina a gidan nan ɗaya ne, Hajara ce ta ba ni: kada cikin Takwara ya zauna wayam. Don haka in kun ga na tashi daga wajen shayi ana tsakiyar hira da ƙosai a hannu, kada ku tsayar da ni da zancen Fir'auna. Itace zan kai murhu.